Abin da Nake Ɗebewa

Ƙarfe huɗu na asuba, bisa tsaunin Atakama,
robar iskar shaƙa a hancina.
Baldomero ya kashe fitilar mota, ya ce,
"Eloisa, yau ma ƙura za ki kora?"
Na ce, ƙura.

Ba ta ƙasa ba.
Waccan ta tsakanin taurari,
ƙwayoyin da hayaƙi ma ya fi su kauri,
sanyinsu ya wuce abin da baki zai faɗa,
amma da ɗan ɗuminsu.
Maganaɗisu ya jera su sahu-sahu,
haskensu duk ya kwanta gefe guda
kamar ciyawa bayan wucewar ruwa.

A bayansu tsohon haske yake,
wanda ya kamo hanya tun ba a kunna tauraro ko ɗaya ba.
A jikinsa muke neman wata 'yar murɗiya,
zanen yatsan farkon duniya.
Matsalar ita ce ƙura ma ta iya murɗawa.
Ta iya kwaikwayo.
Mai zumuɗi sai ya yi guɗa,
alhali ba a haihu ba.

Don haka nake auna ta inda muryarta ta fi ƙarfi,
a gajeren zango,
in ja layi zuwa dogo, in ce ga kasonta can,
in ɗebe.
Shiƙa ke nan, sai dai ƙaiƙayin ya fi tsabar yawa,
kuma kalarsu ɗaya.
Jiya layin ya ƙi miƙewa.
Gajimare biyu ne ashe, ɗaya bayan ɗaya,
na gaba da ɗumi, na baya da sanyi,
kowa da inda ya sa gaba.
Wata uku ina lissafa su a matsayin abu guda.

Kakata Fermina, a ƙauyenmu can ƙasan kwari,
ba ta taɓa ƙirga taurari ba.
Duhun da ke tsakiyar kogin sama take nuna mini:
"Ga lama nan, ga dogon wuyanta,
ga ɗanta yana shan nono.
Tsakar dare takan sauko ta sha ruwa."
Sai da na yi shekara ashirin da shida
na gane wannan duhun shi ne ƙurar.

Kullum ni ce mai kora dabbar kakata daga gona
don in ga abin da ta tsare.

Baldomero ya miƙo shayin ganyen koka,
murfin butar ya ɓata tun bara, da kwali yake toshewa.
Allo ya kawo ragowar lissafi:
ɗan abu kaɗan, a murɗe.
Na farkon duniya ne,
ko gashin lama ne ya maƙale a rariyata?

Ban sani ba.
Na rubuta a littafin aiki: ban sani ba tukuna.
Na sa kwanan wata, na hura shayin.