Ɗakin Wanki, Nagasaki

Ƙarfe biyar. Tashar jiragen ruwa ba ta farka ba.
Daga ni sai zannuwan gado goma sha tara
a ƙasan gidan tsofaffin da ke kan tudu.
Ba na duba sunan da ke jikin kwando,
na san kowa da irin jiƙewarsa.

Wannan na Fumie ne, ɗigo kaɗan, faɗin tsabar kuɗi.
'Ya'ya biyar ta haifa, naman da ke riƙe ƙofa ya saki,
tari ya buɗe ta, atishawa ta buɗe ta.
Jiya a wurin shayi aka yi abin ban dariya,
ta matse cinyoyi, ta haɗiye dariyar.
Wannan ya fi damuna, ba wankin ba.

Shigeharu shekara talatin yana tuƙa taragon cikin gari,
bai taɓa makara ba.
Yanzu ƙullutun da ke ƙasan mafitsara ya kumbura, ya tare hanya.
Ya tsaya, ya yi nishi, abu ya ƙi ƙarewa,
sai ta cika, ta tumbatsa cikin barci.
Da kansa yake naɗe zaninsa, kusurwa huɗu daidai,
ya miƙo mini, kai a sunkuye.

Akwai wadda ƙarar famfo kaɗai ta ishe ta.
Tun ranar da ɓarin jikinta ya shanye
mafitsararta ba ta jiran izini.

Tokuko kuwa cikinta lafiya lau.
Gwiwa ce, da maɓallai shida, da taku ashirin zuwa bayi,
ga ƙwayar hawan jini mai koro ruwa.
Na roƙi mai jinya: a cire maɓallan nan, a sa roba.
Sati biyu ke nan
kwandonta yana zuwa a bushe.

Likita ya ce kada a ɗora wa tsufa laifin duka,
kowane ɗigo yana da mafari,
da yawa kuma suna da magani.

Ɗazu a kan rufi ina shanya,
iskar teku ta shiga hancina, na yi atishawa,
na ji ɗumi.
Shekarata sittin da ɗaya.
Na tsaya riƙe da igiya, ina kallon jirgin farko yana fita.

Litinin zan je asibiti.
Zan ce wa Fumie ta raka ni,
mu yi dariya a hanya, abin da zai zuba ya zuba.