Telan Tarwada

Ni na ɗinka musu rigunan,
shuɗi, kalar ruwan dam da hantsi.
Yadi ashirin na ɗauko bashi a kasuwar Gombe,
har yau da sauran kuɗin uku a kaina.
A ƙirjin kowace riga na zana tarwada
har da gashin-bakinta.
Mutanen Deba suka ce ƙadangare ne.
Su dai suka sani.

Lamba shida a kife na ɗinka ta,
daren da aka ɗauke wuta, ina aiki da fitilar waya.
Babayo ya sa, ya wayi gari tara.
Ɗan baya ne, amma tun ranar
ya ƙi zama a baya.
"Riga ce ta ce in wuce gaba," in ji shi.
Ƙwallo uku ya ci a shekara huɗu,
ɗaya a ragarmu.

Filinmu ba a miƙe yake ba, na sani.
Yana gangarawa wajen kwalbati,
ga suri a kusurwar gabas,
sau biyar muna rushewa, gara tana sake gini.
Mun bar mata. Ita ma 'yar gari ce.
In ƙwallo ta faɗa hanyar ruwan noman rani
sai a tsaya, yaran Malam Gidado su bi ta da gudu
har gonar albasa,
alƙalin wasa yana duba agogonsa
da ya mutu tun bara.

Golanmu Bulus masunci ne,
da asuba jan koma, da la'asar tsaron raga.
Ya ce duk raga ce,
sai dai ta yamma ba a son ta kama komai.

Ɗana Kawuwa ba ya zuwa fili.
Yana gidan kallo, ya biya ɗari biyu
yana yi wa waɗansu kuka
a garin da ƙanƙara ke zuba,
mutanen da ba su taɓa jin sunan Dadin Kowa ba.
Na ce, wanda kake yi wa ihun nan,
da zazzaɓi ya kwantar da kai ya leƙo ka?
Bulus ya zo,
da ragon ruwa biyu a leda.

Ran Asabar muka je Deba
a bayan motar tumatir, mu talatin da ɗaya,
da Adda Dudu da tiren soyayyen kifinta,
da ganga ɗaya wadda fatarta ta saki.
Suka ci mu biyu da nema.
Na farkon satar gida ce, makaho ma ya gani.
Na biyun kuwa,
to,
a faɗi gaskiya, yaron nan ya iya ƙafa.

A hanyar dawowa ba mai ko tari.
Mota ta mace mana a hawa,
'yan wasa suka diro da rigunana a jikinsu
suna turi, Babayo a gaba kamar kullum,
inda ba a bukatarsa.
Adda Dudu ta buɗe tire
ta raba abin da bai sayu ba,
wanda ya miƙa kuɗi ta harare shi.
Da fitilun dam suka bayyana daga nesa
wani ya taɓa gangar nan a hankali,
ta yi ƙara kamar an buga tabarma.
Muka yi dariya har cikin gari.

Da safe rigunan na jibge a shago,
warin gumi, jar ƙasar Deba, hammata uku a yage.
Na tarar da Kawuwa a kan benci
ya riga ni zura zare a allura.
Ya ɗaga ta Babayo, ya juya ta sama da ƙasa.
"Baba, a gyara wannan?"
Na ce bar ta.
Ya yi shiru, yana shafa gashin-bakin tarwadar da yatsa.
Can ya ce, bai kalle ni ba,
"Akwai sauran yadin nan?"