Gaba Ashirin da Biyu

Ni na haƙa rijiyar bakin kasuwa,
da ta masallaci, da wadda ta rufta shekarar ambaliya.
Na san ƙasar nan yadda mahauci ya san sa:
baƙa a sama, ja a bayanta,
sai marmara mai cin bakin diga,
sai yumɓu mai sanyi,
sai yashin da ke gumi, ka san ruwa ya kusa.
Gaba ashirin da biyu na taɓa sauka.
Daga can, sararin sama bai fi faifai ba.
Na ɗauka nan ƙasa ta ƙare.

Muna gama roron wake suka zo ta hanyar Kafin Hausa,
suka shimfiɗa wayoyi kunya-kunya
suna sauraron gonarmu kamar likita a ƙirjin mai tari.
Wani yaro mai hular kwano, Nafi'u,
ya ce, "Baba, akwai gas a ƙarƙashinku,
iska ce mai cin wuta."
Na ce, "Gaba nawa?"
Ya ce, "Ɗauki hanyar nan har bakin kwalta,
ka kafa ta a tsaye, ka ƙara rabinta."
Na yi shiru.
Ashe shekara arba'in fatar ƙasa nake sosawa.

Mu huɗu muka gaji gonar.
Sallau yana Kano da adaidaitar wani,
ya ce a sa hannu, gero bai taɓa saya masa taya ba.
Tabawa 'yarta na karatun ungozoma a Haɗeja,
ba ta ce komai ba, ta dai kwance bakin zane
ta nuna mana takardar kuɗin makaranta.
Auta ya ce a ja musu rai, farashi zai tashi,
wai a waya ya ji.
Ni na ce a bari in kwana.
Na kwana uku, ba abin da ya zo mini
sai tarin Baba daga ƙarshen kunya.

A zauren dagaci aka karanta takarda.
Na ƙasan, in ji akawu, dama ba namu ba ne,
doka ta riga mu gādo.
Na sama za a biya:
gawo uku, ɗorawa ɗaya,
tsamiyar da Baba ke ɗaure jaki,
kowace da kuɗinta a layi.
Na ce, "Inuwar fa?"
Ya bi da yatsa har ƙasa, ya juya shafi.
Babu layin inuwa.

Aka miƙo tawada.
Na dangwala, bai fito ba.
Na sake, sai shuɗin tabo kamar kashin tsuntsu.
Igiyar rijiya ta cinye zanen yatsana tuntuni.
Sallau ya fara dariya, ya haɗiye ta.
Da na hagu na sayar.

Kuɗi sun shigo wayar Auta ana kiran la'asar.
An raba, ba faɗa, wannan na gode wa Allah.
Yarinyar Tabawa ta koma aji.
Tabawa kuwa har yau kara take hurawa,
idonta ja, a bisa tekun wutar da aka ce.

Watan jiya Nafi'u ya aiko.
Masu gadi ba ruwa, mai burtsatse bai zo ba,
ko zan haƙa musu 'yar rijiya cikin shingen waya?
Na ɗauki diga. A ƙofa aka rubuta sunana
kafin in taka gonar ubana.

Gaba tara na ci karo da saiwar gawo.
An sare uwar tun kaka,
ita ba wanda ya gaya mata,
tana nan ɗanya, tana bin ruwa.
Na ajiye diga, na kara kunne a bango
ko zan ji abin da suka ji.
Ba komai.
Sai mai gadi daga sama, kansa ya cika faifan:
"Baba, an kusa?"