Rabin Awa a Kan Benci

A asibitinmu na Gangare akwai wani benci,
ƙafarsa ɗaya ta gaza, mun tokare ta da bulo.
Duk wanda rigakafin korona ya shiga damtsensa
nan zai zauna, rabin awa, ba ragi,
ni kuma aikina gadin fatar mutane.

Ran Talata sanyin Jos ya sauko har ɓargo.
Baba Ilu mai faci, daga Dilimi,
minti huɗu bai cika ba ya sulale
kamar buhun da aka zare wa ɗinki.
Layi ya watse.
Wata ta ce, "Ba ga irinta ba! Dama an faɗa."
Na kama wuyan hannunsa: sanyi ƙalau, jijiya na tafiyar hawainiya,
fata sumul, ƙirji shiru.
Muka ɗaga ƙafafunsa sama,
ya buɗe ido yana cigiyar hularsa.
Ashe rabonsa da abinci tun magaribar jiya,
kuma mutumin da ke juya tayar tirela shi kaɗai
tun yana yaro yake gudun tsinin allura.
Na rubuta: suman tsoro.
Kama da wane ba ta wane.

Shafa'atu kuwa ba ta faɗi ba.
Malamar lissafi ce, jan biro a hannu,
tana maka takardun yara a kan cinya.
Minti na sha biyu ta fara susar wuya.
Borin jini ya taso, tudu bayan tudu,
leɓe ya cika, murya ta dishe,
numfashi na fito kamar iska a kafar ƙyaure.
Sista Kachollom ba ta nemi shawarar kowa ba.
Adiranalin, a cinya, ta saman zane.
Na duba agogo don hannuna ya sami abin yi.
Ɗaya. Biyu. Uku.
A na biyar ta ja iska mai tsawo,
ta ce a tattara mata takardun, kada a taka.

Daga nan ne aikin yake farawa,
bayan an share ƙasa, an mayar da benci.
Me kika ci da safe? Ƙosai? Da man me?
Akwai gyaɗa? Kifi? Sabon sabulu?
Wane magani kike sha wanda ba ki gaya wa kowa ba?
An taɓa yi miki wata allura jiki ya ƙi?
Na ɗebi jini tun sawun abin bai goge ba,
na kwafe lambar kwalba baƙi bayan baƙi,
na rubuta mata takarda zuwa babban asibiti,
inda za su ɗiga abin a fata, kaɗan-kaɗan,
su tambayi jikin da kansa.

Don zakara na cara gari ya waye,
amma ba shi ya jawo rana ba.
Wani lokacin kuma, shi ɗin ne a bakin ƙofa,
da gashin kaza a gemu, ba zakara ba, muzuru.

Da la'asar Davou direba ya dawo,
kwana uku bayan tasa,
da ƙuraje ja a baya, yana tambaya ta ido cikin ido:
"Ita ce? In dawo ta biyu, ko in haƙura?"
Ya canza omo. Ya sha maganin haƙori. Ya kwana a Bauchi.
Fom ɗin yana da akwati biyu manya, e da a'a,
da wani ƙarami a can ƙasa
wanda ba mai son taɓawa.

A waje an fara yayyafi a kan kwano.
Na daɗe riƙe da biro.
Sannan na sa alama a ƙaramin,
na ce masa, "Ban sani ba tukuna.
Cire rigar in sake gani."