Littafin Bashi Ya Koma Gyallesu

Ni Tanimu, kafinta a Tudun Wada,
shekara goma sha tara ina sauraron katako.
Maɗaci da tasa maganar, ƙirya da nata taurin kai,
duk muna fahimtar juna.
Biro ne kawai, tun da muka haɗu,
ba mu taɓa gaisawa da fara'a ba.

Da rana zarto, guduma, ƙusa a leɓe.
Bayan lisha kuwa sai in buɗe littafin bashi
in shiga aikin da ba nawa ba:
wa ya ba da kafin alƙalami, wa ya ce sai ƙarshen wata,
ina rasit ɗin katakon Sabon Gari
da aka wanke tare da wandona,
ina takardar haraji, ina lambar mai fenti.
In ƙirga, in goge, in sake ƙirgawa,
tuwo ya huce a kwano, Kubura ta yi barci
da allonta a ƙirji, tana jiran in ji haddarta.

Wata makaranta a Samaru ta nemi benci arba'in.
Suka ce in rubuto farashi a takarda mai hatimi.
Na ce gobe.
Goben ta haifi jibi, jibi ta yaye gata.
Ran da na je, na tarar da bencin wani a aji,
har yara sun fara zana sunayensu a kai.
Na dawo a kan babur ban ce wa kowa komai ba.
Taura biyu na cusa a baki, ba wadda na tauna.

Mai shayin layinmu ne ya ambaci Saudatu.
Ta karanta lissafi a Kongo, tana zaune a Gyallesu,
shago bakwai take riƙe wa takardu
da kwamfuta ɗaya da waya mai tsagaggen gilashi.
Barau mai walda ya kama baki:
"Cikin aljihunka za ka nuna wa baƙuwa?"
Na ce, aljihun da ni kaina ban san cikinsa ba,
wane sirri ya rage masa?

Na kai mata komai a buhun siminti.
Ta zazzage a tabarma, ta dube ni,
ta yi dariyar da ba ta raini ba.
Kwana tara ta kira:
"Malam, akwai mutum uku da ka manta kana bin su,
akwai ɗaya da kake bi alhali ya biya tun azumi."
Kunyar na huɗun ta fi mini daɗin ukun nauyi.
Da ƙafata na je Kwarbai na ba shi haƙuri.

Yanzu duk Asabar nakan ɗauki hoton rasit in tura.
Ita ke rubuta farashi, ita ke tuna wa masu bashi,
da lafazin da ni ba zan iya ba in raina ya ɓaci.
Ƙarshen wata in biya ta, kuɗin ƙofa ɗaya.
Wani watan yakan yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

To me na yi da daren da ya dawo hannuna?
Ban buɗe reshe ba, ban sayi mota ba.
Akwai wata kujera a tsakar gidana,
shekara uku ƙafarta ɗaya bulo ne,
Hasiya ta gaji da faɗa har ta daina.
Daren Talata na juya ta, na auna, na yanka,
Kubura na riƙe mini tocila,
tana biya mini izifi biyu,
ina gyara mata, ina buga ƙusa.