Hannun Kabon Huɗu Ne

Shagona yana Kabuga, bayan mai shayi,
kwamfuta biyu, firinta ɗaya mai tari.
Nan Sahura ta same ni da kundin digirinta
da wata takarda a ninke
da ta sha fensir da magogi har ta huje.

Ta ce, wannan za ki sa mini a babi na huɗu.
Na ce, saƙar zuma ce?
Ta ce, abin da ke cikin ganyen sabara ne.

Ni da na bar makaranta a aji biyar,
na iya buga wasiƙa, na iya katin biki,
ban taɓa jan zobe mai kusurwa shida ba.
Ta ɗora mini manhaja, ta kama hannuna kan linzami:
danna nan, zobe ya faɗo,
ja nan, sanda ta fito,
sake dannawa, sandar ta zama biyu
kamar layin dogo a Fagge.

Ranar farko Nefa ta ɗauke wuta
muna kan zobe na uku, ba mu adana ba.
Sahura ta fita waje, ta daɗe,
ni kuwa na ja igiyar janareta har kafaɗata ta yi tsami.

Ranar Laraba wani harafi ya yi ja a allo.
Na ce, me ya fusata shi?
Ta ce, na ɗora masa hannu biyar,
shi kuwa kabon hannu huɗu Allah ya ba shi.
Na riƙe wannan kamar karatun asuba.

Yanzu ɗalibai na zuwa da tarkacen zanensu,
ban san sunan ko ɗaya ba,
sunaye masu tsawo kamar layin mai,
amma ina ƙirga hannuwa.
Jiya na ce wa wani mai kwat, malam, nan akwai ƙari.
Ya dube ni, ya dubi takardar,
ya nemi aron biro.

Da daddare Inna ta dafa sabara don cikin ƙanwata.
Na leƙa tukunyar, ruwa ne kawai, ja-ja, yana tafasa.
Na ce, Inna, na san kamannin abin da ke ciki.
Ta ce, to miƙo mini ludayi.