Aljihun Kwat

Da ƙanƙara ta fara sakin kogin Nemunas,
tana fashewa cikin dare kamar ana karya tukwane,
na fito bayan gida da guduma da ƙusa,
na ce bana, ko ta halin ƙaƙa,
sai tsuntsu ya kwana a gidana.

Na ƙera akwati da katakon gadon
da jikata Ugne ta yi wa girma.
Na goge, na shafa shuɗin fenti,
na huda ƙofa, na rataye a jikin tuffa,
na ɗaura kitse a reshe, na watsa alkama,
na zauna bakin taga
sai ka ce mai jiran surukai.

Mako guda, shiru.
Mako biyu, hankaka ɗaya tal.
Ya dube ni, ya dubi shuɗin akwati,
ya sure kitsen ya wuce, ko sallama babu.

Maƙwabciyata Birute ta leƙo ta kan shinge,
hannuwanta duk ƙasa:
"Rimantas, tsabtarka ta yi yawa.
Ka share ganye, ka aske ciyawa ƙwal,
ka kashe tsutsa, ka kori gizo-gizo.
Wa ka taɓa gani ya tare
a gidan da ba a ɗora tukunya?"

Abin ya sosa min rai.
Shekara talatin ina tuƙa bas zuwa Kaunas,
ko takardar alewa ba ta kwana ƙarƙashin kujerata ba.
Amma na jingine tsintsiya.

Na bar rassan da iska ta karya a inda suka faɗi.
Na bar ciyawa ta yi gashin mahaukaci a kusurwa.
Tsohuwar tasa mai tsaga, na cika ta da ruwa,
na sa dutse a tsakiya
don kada ƙanana su nutse.
Na ɗaura wa kyanwa ƙararrawa,
ta yi kwana uku ba ta kula ni ba.

Gwara suka fara zuwa,
da rigimarsu irin ta 'yan gado.
Kurciya ta biyo baya, tana tafe tana sunkuyo.
Tsattsewa ta gano inda tasa ke yoyo,
ta riƙa ɗibar laka, baki ɗaya, baki ɗaya,
tana gini ƙarƙashin rufina ba ta nemi izini ba.
Can saman falwaya kuma
shamuwa ta dawo daga doguwar tafiyarta,
tana kaɗa baki kamar ana buga ludayi biyu.

Akwai wata 'yar mitsitsiya, ruwan ƙasa,
wutsiya a miƙe sama kamar an ɓata mata rai.
Birute ta faɗa min sunanta sau biyu, na manta.
Jiki bai kai goro ba,
murya kuwa ta cika unguwa.

Shuɗin akwatina fa?
Gizo-gizo ne ya tare a ciki.

Wata safiya a watan Mayu sanyi ya waiwayo.
Na shiga rumfar kaya ɗauko tsohon kwat ɗin aikina
da ke rataye a ƙusa tun ranar da na ajiye makulli.
Na miƙa hannu,
sai fir! wani abu ya shafi kunnena.

Na leƙa aljihun hagu,
inda tikiti da canji suka saba zama:
gansakuka, gashin kyanwa, zaren safata da ta ɓace,
da ƙwai shida,
kowanne bai kai kan ɗan yatsa ba.

Na ja da baya a kan yatsun ƙafa.
Na tokare ƙofar da bulo don kada ta rufe.

Yanzu da 'yar shara nake fita, ina karkarwa.
Birute ta ce, "Ina kwat ɗinka?"
Na ce na ba da haya.
Ta ce, "Nawa?"
Na ce ki buɗe tagarki gobe da asuba,
lokacin ne take biya.